Jawabi ga Hakimai da Magatakarda a kan Binciken Itatuwan Magani

A ƙasar Bagudo, tun daga Illo da Lolo da ke bakin Kwara har Ka'oje da Tsamiya, da wuya a sami ƙauyen da ba shi da tsohon da ya san saiwa da sassaƙe. Wannan ilmi bai san iyaka ba, domin Fulani da Dandawa da Kyangawa suna kai shi Segbana ta ƙasar Benin, suna kuma kawo na can. Abin da ya rage masa shi ne awo da rubutu, kuma wannan shi ne aikin malaman harhaɗa magunguna na jami'o'i.

Ga misali. Farfesa Charles Wambebe ya yi karatu ya kuma karantar da ilmin magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya shugabanci Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja. Wani mai maganin gargajiya daga ƙasar Oyo, Paul Ogunyale, ya kawo wa cibiyar haɗin da yake bai wa masu amosanin jini. Kayan haɗin huɗu ne, uku daga ciki ba baƙi ba ne a kasuwannin Arewa: masoro, da kanumfari, da karan dafi wanda majema ke rina fata da shi. Na huɗun itace ne na kurmi, ɗan'uwan madobiya.

Malaman ba su karɓa da ka ba, ba su kuwa raina ba. Sai da suka gwada a jikin dabbobi, suka tabbatar ba ya da dafi, sa'an nan aka bai wa marasa lafiya 82, wasu maganin, wasu abin da ya yi kama da shi, ba tare da sun san wanne suka sha ba. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna tashin ciwon ya ragu. Aka raɗa masa suna Niprisan. Abin lura ga shugabanni shi ne, a takardar mallakar da Amurka ta bayar a 1998, sunan mai maganin yana nan tare da na malaman. An fara sayar da shi a 2006, amma bayan 'yan shekaru aka daina yinsa, don kamfanin da aka damƙa wa aikin ya karye. Gano magani daban, riƙe shi daban.

Akwai kuma hatsarin ƙarewar itatuwan kansu. An yi wa madobiya saran ƙare dangi a Nijeriya da Benin ana kai katakonta ƙasar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da duniya ta taƙaita cinikinsu.

Saboda haka ana roƙon kowane hakimi ya sa magatakarda ya buɗe littafi. A rubuta sunan itace da kowane harshe na gundumar, da ɓangaren da ake ɗiba, da ciwon da ake sha dominsa, da sunan mai maganin in ya yarda. In baƙo ya zo neman saiwa da sunan bincike, dagaci ya nemi takardar makarantarsa, a kuma rubuta abin da ya ɗauka da wanda ya nuna masa.