A Nuna Ko A Ɓoye: Batun Macizan Da Ake Kiwo Don Kada Irinsu Ya Ƙare



Na san da yawa daga cikinku sun yi mamaki da suka ji kan maganar da zan yi a yau. Mutumin da ya tashi a Tambuwal ko Dogon Daji ko Kebbe, ya yi noma a fadama, ya ɗaure damin gero da hannunsa, tun yana yaro abu guda aka koya masa game da maciji, watau ya nemi sanda. Saboda haka idan aka ce masa akwai masanan da ke kashe kuɗi suna kiwon macizai don kada irinsu ya ƙare, har ma suna gardama a kan ko ya dace a bar jama'a su shiga kallonsu, ba abin zargi ba ne in ya yi dariya. Amma ina roƙonku ku ba ni aron hankalinku, gama tambayar za ta iso teburin waɗansunku wata rana, musamman ma'aikatan gandun daji da na lafiya da na ilmi, kuma gara ta same ku da shiri.

Da farko bari mu share fage da dalilin kiwon kansa. Dalili na ɗaya shi ne rumbu. Macizai da yawa abincinsu ɓera ne da gafiya da sauran masu ɓarnar hatsi, kuma duk inda aka ƙarar da su, manomi ne ke biyan bashin. Dalili na biyu shi ne magani. Ba a samun maganin dafin maciji sai daga dafin kansa: ana tatsar dafin, a riƙa ba doki ko tunkiya kaɗan kaɗan har jininsu ya yi makarinsa, sa'an nan a tace makarin a zuba a kwalba. Maganin nan da ake kira EchiTAb, wanda ya ceci rayuka masu yawa a Kaltungo ta Jihar Gombe, an yi shi ne daga dafin macizan Nijeriya da aka kai makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Libaful, aka sarrafa shi a Birtaniya da Kosta Rika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa kowace shekara saboda saran maciji, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Dalili na uku shi ne waɗansu iri suna raguwa. Mesa, wadda ake farautarta domin fata da nama, a 2021 an sa ta cikin jerin halittun da suka kusanci haɗari. Tun 1975 yarjejeniyar CITES, wadda Nijeriya ke cikinta, ta fara aiki don tsare cinikin irin waɗannan halittu tsakanin ƙasashe, kana a 1985 gwamnatin tarayya ta kafa Doka ta 11 a kan dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu.

To, in an tara macizai a gida guda ana kiwonsu, a buɗe ƙofa ko a rufe?

Masu cewa a buɗe suna da hujjoji masu nauyi. Suna cewa gani ya kori ji. Yaron da bai taɓa ganin kububuwa da idonsa ba sai ranar da ya taka ta a gona, an makara wajen koya masa. Alhali kuwa da an kai shi inda zai tsaya bayan gilashi ya dube ta a natse, ya ga ƙanƙantarta da zanen bayanta, ya bambanta ta da kasa da kumurci da gamsheƙa, ya kuma ga cewa mesa ba ta da dafi ko kaɗan, da ya koma gida da ilmin da zai amfani iyayensa. A irin wannan wuri ne za a gaya masa cewa tsaga wurin sara da ɗaure ƙafa tamau suna ƙara ɓarna, abin yi shi ne a kwantar da hankalin wanda aka sara, a hana gaɓar motsi, a garzaya da shi asibiti. Har wa yau suna cewa kuɗin shiga yana taimakawa wajen ciyarwa da biyan ma'aikata, kuma aikin da ake yi da dukiyar jama'a bai kamata a ɓoye wa jama'a shi ba, don abin da aka ɓoye shi ke haifar da jita-jita. Gidan namun dajin Audu Baƙo da ke Kano, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970, ya nuna cewa mutanenmu suna son kallon dabbobi, sai a je can ranar hawan Salla a ga cunkoso.

Masu cewa a rufe su ma ba da wasa suka zo ba. Maciji halitta ne mai son kaɗaici. Ba shi da kunne a waje kamar namu, amma yana jin girgizar ƙasa da jikinsa, saboda haka takun ɗaruruwan ƙafafu da ƙwanƙwasar gilashi suna hana shi sakewa. Macijin da ya firgita yakan ƙi cin abinci, ko ya ci ya amayar, kuma wanda ba ya ci ba ya haihuwa. Mesa takan naɗe jikinta a kan ƙwanta fiye da wata biyu tana gadinsu, in aka dame ta tana iya barinsu su lalace. Bayan wannan akwai cuta. A 1995 an tarar cewa wani maciji marar dafi na ƙasar Antiguwa, a yankin Karebiyan, saura kamar guda 50 kawai a duniya, duk a kan wani ɗan tsibiri. Aka ɗauki kaɗan aka kai gidan namun dajin tsibirin Jersey, wanda Gerald Durrell ya kafa a 1959 musamman don irin wannan aiki. Duk da ƙwarewar ma'aikatan wurin, wani ɗan ƙwaro mai kama da kaska ya kashe mafi yawansu. In haka ta faru a hannun gwanaye, ina ga wurin da kowa ke shiga da fita? Na uku akwai sata. A 1996 ɓarayi sun shiga wani gidan kiwo a Madagaska suka kwashe kunkuru fiye da 70 na wani iri da ba a samu ko'ina sai can, domin masu tara irin waɗannan halittu a ƙasashen waje suna biyan kuɗi mai yawa. Nuna abu mai wuyar samu tamkar yi masa talla ne a kunnen ɓarawo.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman. A ƙasar Hausa mun daɗe da sanin nunin maciji, gardawa suna yawo da shi kasuwa-kasuwa, suna rataya shi a wuya, suna sayar da laya da garin magani. Ba na nufin in ci mutuncin sana'ar kowa, amma darasin da ɗan kallo yake ɗauka a nan shi ne wai akwai asirin da ke hana dafi aiki. Wannan imani ya sa mutane da yawa sun ɓata sa'o'i masu tsada kafin su nufi asibiti, alhali dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mai rauni ya yi ta zubar da jini ciki da waje. Ba banza ba aka yi mata laƙabi da gobe da nisa. Binciken da Dokta David Warrell da abokan aikinsa suka yi daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970 shi ya yaɗa gwajin nan mai sauƙi, inda ake zuba jinin wanda aka sara a kwalba mai tsabta a jira minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga jiki. Idan gidan kiwo ya buɗe ƙofa ya koma dandalin wasa, ma'aikaci yana ɗaga maciji ana tafi, to, ya ƙarfafa kuskuren da aka kafa shi don ya gyara.

Ra'ayina, bayan auna ɓangarorin biyu, shi ne kowannensu ya faɗi gaskiya, amma a kan macizai daban. Kamata ya yi a raba gida biyu, kamar yadda Bahaushe ya raba zaure da cikin gida. A zaure a ajiye macizan da manomi ke haɗuwa da su kullum, kububuwa da kasa da kumurci da marasa dafi, kowanne a akwatin gilashi mai kulle da wurin ɓuya, da bayani a rubuce cikin Hausa, boko da ajami, da ma'aikaci mai yi wa jama'a jawabi, ba tare da an taɓa ko ɗaya don burge 'yan kallo ba. A cikin gida kuwa a ajiye iyayen kiwo na irin da ya yi ƙaranci, kada kowa ya shiga sai mai aiki, da kayan aikinsa daban. Sabon maciji a keɓe shi tukuna har a tabbatar da lafiyarsa. Wanda ya tsufa ga haihuwa, ko 'ya'yan da suka yi yawa, ana iya fito da su zaure su wakilci danginsu. Kada a faɗi dajin da aka kamo su. Kada kuma a buɗe zauren ko na yini guda sai an tanadi maganin dafin kowane irin da ke ciki, da yarjejeniya da asibiti mafi kusa. Haƙƙin jama'a na sanin abin da ake yi da kuɗinsu kuwa a biya shi ta hanyar rahoton shekara: nawa aka karɓa, nawa suka ƙyanƙyashe, nawa suka mutu, nawa aka mayar daji.

Wannan kalma ta ƙarshe, mayarwa daji, ita ce ma'aunin aikin duka. Macijin Antiguwa da na ambata bai tsira ta hanyar keji ba. Abin da ya cece shi shi ne kawar da ɓerayen da jiragen ruwa suka kai tsibiran, har yawansa ya haura 1,000. Haka a wani ɗan tsibiri na ƙasar Morishus, an yi nasarar kiwon wani maciji nasa a Jersey a shekarun 1980, amma bai farfaɗo sosai ba sai da aka kawar da awaki da zomaye masu cinye tsiron wurin, na ƙarshensu a 1986, har a 2012 aka sami isassun da aka kai wani tsibiri na kusa. Ɗan'uwansa kuwa, wanda ba a yi wa hanzari ba, tun 1975 ba a sake ganinsa ba. Darasin a fili yake: in muka ci gaba da ƙunar daji da saran itace a kudancin Sakkwato, muka bar fadamun Tambuwal da dazuzzukan Kebbe suka zama fili, duk macijin da muka kiwata ba shi da gidan komawa, mun kashe maciji ke nan ba mu sare kansa ba.

Ɗalibai, ku ne za ku riƙe waɗannan ofisoshi gobe. Idan aka kawo muku takardar neman izinin buɗe irin wannan gida, ku tambayi mai ita abu uku: ina ɗakin da jama'a ba za su shiga ba, ina maganin dafi, kuma wane daji ne za a mayar da 'ya'yan. In ya amsa duka ukun, ku sa masa hannu. In ya kasa ko ɗaya, ku mayar masa da takardarsa ya je ya gyaro.