"Da Sauƙi, Likita": Koya wa Likitocin Daji Magana da Mara Lafiya

 

Ku tambayi duk wani mara lafiya a Zoza, "Yaya jiki?" Amsar da zai ba ku ɗaya ce: "Da sauƙi." Ko da kwana ya yi yana murƙususu, haka zai ce, domin haka aka tarbiyyantar da mu, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a ɗakin likitan daji wannan amsa tana iya cin rai, idan likitan ya karɓe ta ya rubuta ya kira na gaba.

Lokacin ina sabon likita a wani babban asibiti, an kawo wata baiwar Allah daga wannan yanki namu, da ƙullutu a mama. An yanki tsoka an kai gwaji, sakamako ya nuna sankara. A tsaye na yi mata bayani, fayil a hannu, rabi Hausa rabi Turanci, ɗanta saurayi yana ƙarasa fassara. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, idonta na kan takalmanta. Na ce, "Baba, kin gane?" Ta ce, "To, likita." Sai bayan wata bakwai muka sake ganinta, ciwon ya fashe. Ashe ɗan, saboda kunyar ambaton jikin mahaifiyarsa, ce mata ya yi "wani ƙari ne za a cire". Da suka koma gida kuma aka tuna musu cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, sai aka koma saƙe-saƙi da turare. Na daɗe ina ɗora wa jahilci laifi kafin na yarda cewa rabona a ciki ya fi na kowa.

Wannan matsala ta taɓa cin Turawa ma. A Amurka, binciken Donald Oken na 1961 ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na likitoci ba sa faɗa wa mutum yana da daji. Zuwa 1979 kashi 97 sun koma faɗa. Sai dai faɗa daban, iya faɗa daban. A 1984 Beckman da Frankel suka gano cewa likita kan katse mara lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara magana. Ko gaisuwarmu ta safe ba ta ƙarewa a daƙiƙa 18.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin Lesley Fallowfield a Birtaniya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2002. Ta ɗauki likitocin daji 160 daga cibiyoyi 34, aka naɗi hirarsu da marasa lafiya a bidiyo, sannan aka ba wasunsu horo na kwana uku. Waɗanda aka horar suka rage tambayar da ke cusa wa mutum amsa a baki, suka ƙara nuna tausayi, suka fi lura da alamar damuwa. Waɗanda aka aika wa gyara a rubuce kawai ba su canza ba. Ma'ana, ana koyon wannan abu kamar yadda ake koyon ɗinkin rauni, da gwaji da gyara, kuma furfura kaɗai ba ta koyar da shi.

Akwai kuma tsarin SPIKES, wanda Walter Baile da Robert Buckman da abokansu suka fitar a 2000. Asalinsa mai sauƙi ne: ka zauna, ka tambayi mutum me ya riga ya sani, ka tambaye shi nawa yake so ya ji, ka ba shi kaɗan-kaɗan, ka bar shi ya yi kuka idan kukan ya zo, sannan ku tsara abin yi. Na yarda da shi, amma an gina shi ne a kan mutum ɗaya da likitansa. Mu kuwa a nan mota guda ake cikawa. Miji yana nan, wa yana nan, wani lokaci wanda ya sayar da rakensa ya biya kuɗin mota shi ne mai magana. Sau nawa aka ja ni gefe aka ce, "Likita, don Allah kada ta sani"? Hanyar da na koya ita ce in tambayi mai ciwon da kanta, da mace ma'aikaciya a gefe: "Da ke zan yi maganar, ko da wa kike so?" Da yawa sun riga sun sani. Suna ɓoye wa 'ya'yansu, 'ya'yan suna ɓoye musu.

Sai harshe. Ɗalibin likitanci a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello da Turanci yake karatu, da Turanci ake jarraba shi. Bahaushe ne gaba da baya, amma ka ce ya bayyana wa tsohuwa yadda ciwo ke yaɗuwa daga mama zuwa ƙashi, sai ka ga yana lalube. Kalmomin ma suna da nauyi. Ka ce wa manomi za a tura shi asibitin Shika a yi masa "gashi", me zai gani a ransa in ba tukubar mai tsire ba? Dole a ƙara masa cewa haske ne daga na'ura, ba ya jin zafinsa lokacin da ake yi, kuma zuwa ne na makonni. Haka ruwan kemo: idan ba a gaya wa mace tun farko gashinta zai iya zubewa kuma zai sake fitowa ba, ranar da ta ga kitsonta a hannu, ta daina zuwa ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin masu daji sama da 120,000 a Najeriya a 2020, da mutuwar kusan 79,000. Na san likitoci sun yi kaɗan, layi kuma ya yi tsawo. Amma jan kujera ba ya cin minti guda.

Abin da nake roƙon asibitocin koyarwa na Aminu Kano da na Shika shi ne a sa wannan darasi a jarrabawa, da Hausa, ɗalibi ya zauna gaban wadda ke kwaikwayon mara lafiya, malami yana kallo. Ku kuma da ke ƙananan asibitocin Rogo, ku ne mutum ke dawowa wurinku da takardar da bai iya karantawa ba. Ku daina tambayar "kin gane?", domin amsarta "to" ce. Ku ce, "Inna, idan kin koma gida Malam ya tambaye ki me likita ya ce, me za ki gaya masa?" Sannan ku yi shiru har ta gama.