Wa Zai Koyar da Yaron da Sanƙarau Ya Bari?



An nemi mu faɗi dalilin da ya sa muka zaɓi koyar da kurame da makafi, alhali abokan karatunmu sun nufi aikin likita da na ofis. To, dalilin yana garuruwanmu. Duk wanda ya tashi tsakanin Jega da Aliero da Maiyama ya san abin da bazara kan zo da shi. In zafi ya tsananta sai sanƙarau ya shigo, kamar yadda ya yi wa Arewa a 1996, ya kuma yi wa Jega da Aliero da Gwandu a farkon 2025. Akan ƙidaya waɗanda suka rasu, a yi ta'aziyya, a watse. Waɗanda suka tashi fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na masu warkewa daga mugun sanƙarau kan fita da lahani mai ɗorewa, kuma kurumta tana ciki.

Irin wannan yaro yakan koma aji uku da wayonsa cif, amma ba ya jin malam. A ce ya daƙiƙe, a mai da shi bayan aji. Kafin shekara ta zagayo an cire shi, yana gonar albasa ko yana tasha da ƙoƙon bara.

Ba mu musun cewa tausayi ne ya fara jawo mu, sai dai bai kai mu ko'ina ba. Mutane suna ɗauko mai karaya daga nesa su kawo shi Aliero saboda masu ɗorin garin sun iya aikinsu, ba wanda ke tambayar ko suna da tausayi. Mu ma sai da muka zauna muka koya. Rubutun makafi na Braille ɗigo shida ne kacal a kowane gida, ana huda takarda daga dama zuwa hagu kamar mai ajami, sannan a juya ta a karanta da yatsa daga hagu. Wannan fanni ana karanta shi a Kwalejin Ilmin Musamman ta Tarayya da aka buɗe a Oyo a 1977, da jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero ta Kano.

Akwai wani abu da aji bai koya mana sosai ba. Maganar hannun da makarantu ke koyarwa tushenta Amurka, ta yaɗu ne bayan Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kafin nan, wadda Constanze Schmaling ta yi littafi a kanta a 2000. Da ita yaro ke hira da uwarsa, da ita yake ciniki a kasuwar Jega. Malamin da ya raina ta zai mai da yaro gida yana magana da hannun da ba wanda ya gane. Saboda haka muka koma wurin kurame kansu, muka zama ɗalibansu, har da shan dariya.

Makarantun musamman irin ta Gindiri, ta 1953, da ta Tudun Maliki a Kano, suna nesa. Wane uba ne a ƙauyen Maiyama zai tura 'yarsa mai shekara bakwai can? Dokar hana wariyar naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta ba ta haƙƙin karatu, amma malamin sai an same shi a firamaren garinsu.

Ku da za ku riƙe ofisoshin ilmi, wanda ya karanci wannan fanni ku tura shi inda yaran suke. Ku kuma ɗalibai, in kun je hutu bayan bazara, ku roƙi hedimastan garinku ya buɗe muku rajista, ku duba sunayen da aka daina kira, ku tambayi gidajensu.