Jawabin Tunawa Da Marigayiya Inna Mai Tuwo, Wanda Aka Gabatar Ranar Sadakar Arba'in A Sabo, Ibadan

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, shugabannin ƙungiya, iyayenmu mata da ke saurare daga cikin gida, da sauran jama'a, muna yi muku barka da zuwa. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya mai da ku gida lafiya.

An ce mu yi magana a madadin 'ya'yan marigayiya da 'ya'yan riƙonta da jikoki. To, mu dai 'yan kasuwa ne, iyakar karatunmu Islamiyya, saboda haka abin da muka gani da ido shi za mu faɗa.

Inna ta shigo garin nan tana amarya, ta jirgin ƙasa, tun ana kashe fam da sule da sisi. Allah Ya ɗauke ta bayan ta haura shekara tamanin, ta ga jikoki har da tattaɓa-kunne. A tsakanin nan, ban da lokacin jego da lokacin da ta tafi aikin Hajji, ba mu san ranar da ba a hura wuta a murhunta ba.

Yaran yanzu ba su san yadda Sabo ta tsaya da ƙafafunta ba. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, fatauci ne ƙashin bayanta, na shanu da na goro. Baƙo zai sauka gidan maigida, a ba shi ɗaki, a haɗa shi da dillali, a tsaya masa har kuɗinsa su fito. Sunan maigida ake ji a waje. Amma wa ke ciyar da baƙon nan safe da dare, wani sa'in har wata guda? Ai matar gida ce. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yakan ce baƙo na yafe maka jinkirin ciniki, amma ba ya yafe maka yunwa.

Kafin kiran assalatu Inna ta tashi. Koko da ƙosai da safe, tuwon shinkafa da miyar kuka da dare, mu kuma mu ɗauki kwanuka mu kai wa masu ɗaurin huhun goro da 'yan lodi. Ba ta taɓa zama a rumfar kasuwa ba, amma tana daga tsakar gida ta san farashin hatsi a Dugbe, daga baya kuma Bodija. Ta iya Yarbanci har maƙwabtanmu na Mokola na kiranta Iya. Da aka canza kuɗi a 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, ita ce ta zaunar da matan layinmu tana koya musu lissafin da ƙwayar wake, alhali ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko ba.

Da mahaifinmu ya rasu, mu bakwai ya bari, ga 'ya'yan riƙo huɗu. Dangi suka ce ta tattara ta koma Arewa. Ta ce a nan aka san tuwonta. Da ribar tukunya da adashi ta biya mana kuɗin makarantar allo da Islamiyya, ta aurar da mata, ta ba kowane namiji jarin somawa. Wanda ke tsaye gabanku, da ƙwarya biyu ta goro ta sallame shi.

Akwai abu guda da ba ta yarda a faɗa ba tana raye. A 1993, da aka soke zaɓen 12 ga Yuni, kun tuna yadda hankali ya tashi, mutane suka yi ta cika motoci zuwa gida. Wani bafatake da ke sauka gidanmu ya ji tsoron hanya, ya ƙulle kuɗinsa a tsumma ya ba ta ajiya. Takardun naira hamsin-hamsin ne, wadda ita ce babbar takarda a lokacin. Babu shaida, babu rubutu. Ya tafi, Allah Ya yi masa rasuwa a can.

Shekarun nan kuwa sun yi mana tsanani. Baƙi sun ɗauke ƙafa, jarinta ya karye, har ta sayar da tasoshinta na aure. Wallahi mu da kanmu muka ce ta ranta daga ciki, in ciniki ya dawo a mayar. Ta dube mu ta ce, "Ku kuna da uwa. Marayun can wa suke da shi?" Ta yi ta aika saƙo ta hannun direbobin manyan motoci har aka gano ɗan mamacin. Ya zo bayan shekara huɗu, ya kwance tsumman da ubansa ya ƙulla da hannunsa. Ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

Jama'a, in kun ji ana ba Bahaushen Sabo kaya bashi a kan kalmar baki, to irin wannan ne ya saya mana sunan. Ko a 2021, da rikicin kasuwar Sasa ya koro wasu 'yan'uwa zuwa nan, tana kwance ba ta iya tashi, amma sai da ta sa jikoki suka ɗora babbar tukunya.

Yanzu ga abin da ya sa muka karɓi maganar nan. Inna ta yi sa'a, tana da masu kula da ita. Amma a layukan nan akwai tsofaffi mata sa'o'inta da suka ciyar da iyayenmu da mu, yau ƙarfi ya ƙare, 'ya'ya sun watse, kuɗin ɗaki da na magani na gagararsu. Ba za su fito bara ba, kunya ba za ta bar su ba. Mun san ƙofofinsu, muna wucewa kullum.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya ta buɗe asusu na musamman dominsu, a sa mata biyu amintattu daga kowane layi su rubuto sunaye a asirce, kowane ɗan kasuwa ya sa abin da ya sawwaƙa duk ranar Juma'a. Mu iyalan marigayiya mun ɗauki nauyin buhun shinkafa ɗaya duk wata, ladan ya je gare ta. Kada mu jira sai ranar arba'in sannan mu tuna da alherin mutum.

Wanda ke binta bashi ya same mu bayan addu'a. Wanda take bi na tuwo kuwa, tun tana raye ta ce ta yafe.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta, da iyayenmu baki ɗaya. Mu kuma Ya sa mu cika da imani. Amin.