Ranar da injin sassaƙa ya ƙi ƙarasa gadon amarya

Yau maganar shago za mu yi, kuma ina so matasan da ke koyon aiki a kan injin sassaƙa katako mai kwamfuta, wanda ake ce wa CNC, su ba ni aron hankalinsu.

Injin da muke da shi a shagonmu a Fagge irin wanda ake kira 1325 ne. Lambar girman teburinsa ce, faɗi milimita 1300, tsawo 2500, don ya ɗauki falle guda na katako mai ƙafa huɗu da takwas. Yawancin irinsa daga birnin Jinan na ƙasar Sin ake kawo su. Akwai gada a kansa mai tafiya gaba da baya, a jikin gadar kuma akwai kan da ke riƙe ƙarfen yanka, yana zuwa hagu da dama, sama da ƙasa. Motar kan tana juyi har sau 24,000 a minti ɗaya. Ka riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

To, a hunturun da ya wuce wani Alhaji ya ba mu aikin kayan ɗakin 'yarsa, gado da madubi da ƙofofin sif, saura kwana shida biki. Mun ɗora allon gadon, zane ya fara fitowa gwanin sha'awa, sai inji ya tsaya cak. Rimot ɗin hannu ya rubuta wai an taɓa iyakar X, wato hagu da dama. Na duba, kan yana tsakiyar gada, ko kusa da gefe bai je ba. Muka mayar da shi gida, muka sake tayarwa. Bayan kamar minti ashirin ya sake tsayawa. Sau huɗu a wuni ɗaya.

Yaron da ke taya ni ya ce, "Oga, mu zare wayar sensar nan kawai mu gama aikin, bayan biki a gyara."

Ban yi masa faɗa ba, don ni ma abin ya zo min a rai. Amma na ba shi labarin da zan ba ku. A shagon da na koyi aiki, jan maɓallin gaggawa ya taɓa damun mu da tsayar da inji, sai aka buɗe bayansa aka haɗe wayoyin biyu, aka mayar da murfi. Maɓalli yana nan ja zur, amma hoto ne. Aka manta. Wata rana katako ya kwance daga maɗauri, ƙarfen yanka ya cafke shi. Na doki maɓallin da tafin hannu, wallahi inji ko gezau. Kafin a ruga a kashe babban makunni ƙarfen ya karye, guntunsa ya yanki wani ɗan'uwanmu a dantse. Allah ya taƙaita, ba ido ba ne. Abin da ke juyi sau 400 a daƙiƙa ɗaya ba ya jiran ka yi tunani.

Kuma akwai dalili na biyu wanda ya shafi aljihu. A irin injinmu, sensar iyaka ita ce dai sensar gida. Da ita inji yake sanin inda yake. Mu da ake ɗauke mana wuta ana tsakiyar aiki, idan an tayar da janareta sai inji ya koma gida tukuna, sannan ya iya ci gaba daga inda ya tsaya. Ka zare sensa, wuta ta ɗauke, to allon gadon nan ya zama itacen girki.

Yauwa, to yaya aka yi muka gano matsalar?

Da farko mun gwada sensar kanta. Tamu ba mai ɗan harshe ba ce da ake dannawa, mai jin ƙarfe ce daga nesan kamar milimita huɗu, kuma tana da 'yar fitila a bayanta. Ka kawo bakin sukundireba kusa da fuskarta, fitila ta kama, ka janye ta mutu. Tamu lafiya lau. Mun goge dusar katako da ƙurar hunturu da suka daskare a kanta, ko da yake ita irin wannan ba ta jin katako. Masu ɗan harshen ne dusa ke maƙale wa. Amma idan kuna yanka alminiyam a injin, ɓarɓashinsa zai iya ruɗa ta.

Sai muka zargi inbata, wato akwatin da ke sarrafa gudun motar kai. Wayarta tana fitar da wata irin hayaniyar lantarki da ke shiga ƙananan wayoyin sensa idan an kwantar da su wuri ɗaya, musamman in ba a haɗa jikin inji da ƙarfen da aka binne a ƙasa ba. Gwajin mai sauƙi ne. Ka ɗaga kan sama, ka kashe motar, ka bar inji ya bi zanen a iska. Idan bai tsaya ba sai an kunna mota, hayaniya ce. Namu ya tsaya ko da mota a kashe. Inbata ta fita daga zargi.

A nan ne na yi abin da ya kamata in yi tun da safe. Na ɗauki alli, duk inda gada ta tsaya sai in yi alama a gefen tebur. Alama uku, dukkansu a wuri ɗaya, tazararsu ba ta kai faɗin tafin hannu ba. Ka gane? Ƙorafin na hagu da dama ne, amma abin da ke jawo shi tafiyar gaba da baya ce. Mene ne ya haɗa su? Wayar sensar X tana bi ta cikin baƙar sarƙar robar nan da ke gefen inji, wadda ke lanƙwashewa duk sanda gada ta motsa.

Muka kashe wuta gaba ɗaya, muka jira minti goma. Wannan jiran ba tsoro ba ne, inbata tana riƙe wuta a cikinta bayan an kashe. Muka ɓalle murafen sarƙar ɗaya bayan ɗaya. Sensar tana da waya uku: ruwan ƙasa mai kawo bolt 24, shuɗiya ta komawa, baƙa mai kai saƙo. A daidai lanƙwasar, roba ta cinye, baƙar da shuɗiyar sun yi tsirara. Da sarƙa ta tanƙwara a wurin sai su taɓa juna, kwamfuta kuma ta ɗauka sensa ce ta yi magana. Na sa mita a kansu, yaron ya murza wurin da hannu, mita ta yi ƙara.

Ku lura da wani abu. Da wayar nan tsinkewa ta yi gaba ɗaya, da inji bai ce komai ba, don irin sensarmu shiru take sai ta ga ƙarfe. Ranar da kan ya nufi gefe, sai dai mu ji ƙarar karo. Jan maɓalli kuwa akasin haka aka yi shi da gangan, wuta na bi ta cikinsa kullum, waya na tsinkewa inji zai tsaya. Shi ya sa in ya dame ka, gaskiya yake faɗa maka, akwai abin da ya kwance.

Na hau adaidaita na shiga Sabon Gari, wajen masu kayan lantarki na France Road. Mai shagon farko ya miƙo min wayar gida mai tauri, ya ce, "Maigida, wannan ta fi ƙarfi." Na ce ba ƙarfi nake nema ba, laushi nake nema. Waya mai siraran gashi da yawa, mai rigar raga a ciki, ita ke jure lanƙwasa dubu a rana. A shago na uku na samu. Ban yi ƙari a tsakiya ba, na sauya ta tun daga sensa har akwati, na haɗa ragar da ƙasa ta ɓangaren akwatin kaɗai.

Bayan la'asar muka tayar. Kafin a ɗora katako na sa yaron ya daki jan maɓallin da hannunsa, inji ya tsaya, sannan ya bi sensoshin uku da sukundireba. Yanzu aikinsa ke nan kowace safiya, minti biyu ne. Allon gadon yana da ɗan tabo inda ƙarfe ya tsaya sau huɗu, samfefa da fenti suka rufe shi, aka kai kaya ana saura kwana biyu.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi maganar famfon ruwan da ke sanyaya motar kai, da abin da zafin watan Afrilu ke yi masa. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.