Kafin a jona wa mutum-mutumi batir



A Kano, yaran Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni masu sha'awar ƙera mutum-mutumi ba su da matsalar kaya. Kasuwar waya ta Farm Centre na nan kusa, akwai waya, dalma, da tsofaffin batura. Gaggawa ce ke cin su.

Yaro zai tara kuɗin tara ya sayi allon Arduino Uno, sai ya jona masa mota kai tsaye. Kowace ƙafar allon nan milliamp 20 aka tsara ta bayar, alhali ƙaramar motar wasan yara tana jan ninkin-ba-ninkin hakan. Sai ka ji ƙauri, allo ya tafi. A sa allon sarrafa mota na L298N a tsakani, a ba motar nata batirin daban, amma a haɗa wayar ƙasa ta ɓangarorin biyu wuri guda. Idan aka manta wannan, tayoyi sai su yi ta fizga kamar masu iskoki, yaro kuma yana ta zargin manhaja.

Sai batirin 18650 da ake ɓarowa daga tsohuwar kwamfuta. Wanda ya kumbura ko fatarsa ta yage, wallahi kada ya kwana a ɗaki, gobara ce. Iyaye, ku riƙa leƙawa.

Gam ɗin kyandir da ake manna sassa da shi kuwa, ranar Afrilu a Kano tana sassauta shi. A ɗaure da noti.