Ku San Ƙuda Tun Bai Yi Fiffike Ba

Jawabin malamin tsabta ga 'yan ajin Yaƙi da Jahilci na Gozaki

Yau maganarmu a kan ƙuda ta ke.

Ƙudan gida ba da fiffike ya ke fara rayuwa ba. Uwar takan saka ƙwai wajen 100 a lokaci guda cikin juji ko kashin kaji. Kwana ɗaya ƙwan ya zama tsutsa. Bayan kwana 5 ko 6 tsutsar ta nemi wuri busasshe, fatarta ta taurare ta zama kwanso. Cikin kwanson nan ta ke rikiɗa. Ba ta ci, ba ta motsi. To, a nan ne ya fi sauƙin kashewa, in kun san shi. Ga iri uku.

Na fari, kwanson ƙudan gida. Ja ne ja-ja, tsawonsa kamar ƙwayar alkama. Za ku same shi a akurki, da ƙarƙashin sheƙar da kaza ta ke kwanci, da gefen juji. Waɗansu kan ce kashin ɓera ne. A'a! Ku duba da kyau, yana da zobe-zobe a jiki. Kwana 4 ko 5 ƙuda zai fito, ya sauka a kan tuwo, ya kawo wa yara zawo da atuni.

Na biyu, na sheƙar tantabara. Baƙi ne, kewayayye, mai sheƙi, bai kai ƙwayar kuɓewa ba. Ƙudansa faffaɗa ne, yana shiga cikin gashin tsuntsu yana shan jini. Shi ya sa 'yan shila kan rame.

Na uku, na ƙudan tsando, mai kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Wannan ba ya saka ƙwai. Tsutsa ɗaya uwar kan haifa duk kwana 9 ko 10, a inuwa, ƙarƙashin gungume ko cikin ƙasar da ta taru a kogon itace. Kwansonsa baƙi-baƙi ne, da 'yan ƙulli biyu a gindi. Yakan yi wajen wata guda kafin ya fashe. Saboda tsando ne a shekarun 1940 aka sare kurmin rafuka a ƙasar Anchau, aka kafa sabon gari, Takalafiya. Ya yi ƙaranci a nan yanzu, amma masu kai shanu kudu da rani su lura. Wanda ya gan shi ya kai wa malamin dabbobi.

In kuna shakka, ku sa kwanson a kwalba, ku ɗaure bakin da tsumma, ku jira ku ga abin da zai fito. In kuwa kun ga kansa a buɗe, mai shi ya riga ya tashi.

Kada kowa ya tura hannu kogon itace. Maciji da kunama nan su ke fakewa. A sa sanda.

Aikinku ke nan: kowane mako a share akurki da ɗakin tantabaru, a ƙone tsohuwar sheƙa, a kai taki gona nesa da gida. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Allah ya ba mu lafiya, amin.